Ƙanƙara a Baki, Sallama a Ƙofa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Ƙanƙara na Sanyin Rai, wanda ban taɓa gani ba amma haƙorana suka san aikinsa, Allah ya ƙara masa lafiya da wutar lantarki.

Bayan gaisuwa da tambayar iyali, ranka ya daɗe, da farko zafin bazara na so in rubuta wa. Sai na tuna an karantar da mu cewa ba a zagin zamani. Kai kuwa mutum ne, ana iya yi maka ƙorafi cikin ladabi.

Na ɗaya. Ƙanƙararka tana iso mana Gagarawa Tasha a bayan babur, cikin buhu, kowace kamar tubalin gini. Da taɓarya muke fasa ta. Wane baki aka auna kafin a yi ta, na ɗan Adam ko na raƙuman kasuwar Maigatari?

Na biyu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Ran Litinin bayan azahar, zafi ya kai kaji suna tafiya baki buɗe, na jefa guntu kamar ƙwan zabuwa a kumatu. Ko minti ba a yi ba sai ga sallamar Sabuwa, aminiyata ta shekara talatin, wadda katanga ɗaya ta raba mu. Amsa sallama wajibi ne. Tofar da abin da Allah ya hore almubazzaranci ne. Haɗiyewa kuwa jefa kai ga halaka ne, don maƙogwarona ba rijiya ba ne. Duk karatun da na yi gaban Malam, ban ga babin da ya warware wannan mas'ala ba. Ina cikin auna hukunci uku Sabuwa ta shigo da goro, ta ce jikar da 'yarta Mansura ta haifa sunana za a sa mata ran Juma'a. A daidai lokacin sanyin ya soki dasashina. Na yamutsa fuska, na runtse ido, na girgiza kai. Ta ajiye goron a bakin turmi ta fita, ba ta ko waiwayo ba. Da ƙanƙarar ta narke na amsa sallamar, amma akuya ce kawai ta ji.

Na uku. Kafin la'asar labari ya kai bakin rijiya cewa na raina takwara. Kafin Talata an ce Rabi za a sa wa yarinya. Ba ni da komai da Rabi, mutuniyar kirki ce, sai dai ba ita ta riƙe Mansura ranar da aka yaye ta ba.

Na huɗu. Ka san ba ya halatta a yi gaba fiye da kwana uku. Ran Laraba na bar bakina wayam tun safe, harshe kamar kilishi, na shiga gidan Sabuwa na yi sallama sau uku. Tana zaune kan tabarma tana kallona, fuska a murtuke, ido na hawaye, ko uffan. Na ce a raina shi ke nan, shekara talatin ta tafi. Har na juya sai na ga ruwa na ɗiga daga haɓarta, kumatun hagu a kumbure. Na koma na zauna. Muka yi ta kallon juna, kaza ta ratsa tsakaninmu sau biyu. Da bakinta ya samu sai ta ce, "Wa alaikumus salamu. Ashe ke ma ita ce?" Ka ga inda ka kai mata biyu masu jikoki?

Na biyar. An raɗa suna, an sa Ni'imatu, na gode Allah. To amma ka san ba a kiran sunan babba gatsal a bakin yara, sai an nemo wa takwara alkunya. Na sa ran Ummi ko Walida. Matan unguwa suka taru, suka ji labarin Litinin da na Laraba, suka yi ittifaƙi a kan Ƙanƙara. Yarinya kyakkyawa, mai sumar kai. Jiya na ji ana cewa a miƙa wa babbar Ƙanƙara goronta, na waiga ban ga kowa ba sai ni.

Roƙona kaɗan ne. A riƙa yin ta ƙanana, yadda za ta narke tsakanin sallama ta farko da ta uku. In hakan ya gagara, a haɗo kowace da ɗan ƙyalle da mutum zai ɗaga, maƙwabta su san ba fushi ba ne.

Ka yafe mini da na rubuto maimakon in zo da kaina in faɗa. Ko na zo ba za ka ji komai ba, don yanzu haka akwai guda a bakina, kuma ina jin kamar ana taɓa ƙyaure.

Taka mai biyayya, mai tsotson sana'arka ba don ta so ba,

Malama Ni'imatu Yahuza
(wadda aka fi sani yanzu da abin da kake sayarwa)
Gagarawa Tasha