Sarkin Ɗigo da Dutsen Mashaya

Kusada ta yi dacen ɗa. Injiniya Zainul Abidin ya ɗan taɓa aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani kamfanin man fetur a kudu, ya dawo da hular kwano wadda ko wurin ɗaurin aure ba ya cirewa. Mutanen gari suka raɗa mishi Sarkin Ɗigo, don bai taɓa ganin dutse ya wuce bai tsuguna ya ɗiga mishi ruwa ba.

"Ba lalle ku gane ba," in ji shi a ƙofar Maigari. "Fetur cikin dutse dangin farar ƙasa yake kwana. In ɗigon ruwa ya baje, dutsen mai son ruwa ne, zai saki man da sauƙi. In ya dunƙule, mai son mai ne, sai an sha wuya. Mu biyar muka san haka a ƙasar nan, huɗun kuma sun tsufa."

Rannan ya tsinci wani farin dutse a mashayar shanu. Ya matsa mishi lemun tsami, ya ga kumfa, ya yi kabbara. Kafin la'asar ya sa an shinge mashayar da ƙaya. Sodangi makiyayi ya zo da magiya, shanunsa na kukan ƙishirwa.

"Injiniya, ai wannan dutsen..."

"Kai da shanu, ni da kimiyya!"

Dole Sodangi ya riƙa kora garkensa har Yashe neman ruwa.

Saura babban gwaji: a jiƙa dutsen a ga yawan ruwan da zai sha. Injiniya ya jiƙa shi a kwano cikin ɗakinsa. Ran Juma'a, ana sakkowa masallaci, ya jawo Maigari da rabin gari zuwa zaurensa, ya yi jawabi har ƙafafun dattawa suka sage. Sannan ya shiga ɗauko arzikin Kusada.

Ya fito da kwano wankakke.

"Turawa sun yi mana sata!" Ya daka tsawa. "Wa ya shiga ɗakina?"

Daga tsakar gida muryar matarsa Sa'a ta iso zaure tar.

"Maigida, wai kanwar da ka jiƙa? Ai ruwanta na zuba a waken da ka ci ɗazu, har ka nemi ƙari."

Maigari ya daɗe yana kallon tumbin Injiniya.

"To, Injiniya, yanzu ta wane gefe za mu fara haƙa?"