Jawabin Ciyaman a Gindin Ruwa

Allah ya yi wa mazauna dogon benen nan na bayan tasha babbar baiwa, ya ba su Ciyaman. Wasu gidajen sai dai su yi alfahari da famfo mai kawo ruwa ko fitila a matakala. Su kuwa nan suna da mutumin da zai tsaya ya yi bayanin dalilin rashin ruwan da rashin fitilar, har mai sauraro ya ji kunyar ƙishirwarsa. A gabansa Ciyaman ake ce masa, don shi ne shugaban ƙungiyar mazauna gidan. In ya ba da baya kuwa sunansa Lasifika.

A wurin ajiye motoci ake taron ƙungiya, a kan kujerun roba. Ciyaman yakan miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ce, "Ba zan cinye muku lokaci ba." Da jin haka duk mai tukunya a kan wuta sai ta aika a sauke. An taɓa kiran taro saboda injin tura ruwa ya lalace. Ciyaman ya faro daga ruwan ɗufana, ya biyo ta kan koguna da tekuna, har aka watse bai iso kan injin ba. Injin yana nan har yau a lulluɓe da leda.

Bana sai abin ya zo da gardama. Zaɓe ya matso, Mai Kemis na hawan ƙasa ya fito takara. Mutum ne da duk maganarsa ba ta wuce ta wurin aikinsa: ɗaya da safe, ɗaya da dare, bayan an ci abinci. Saboda wannan kaɗai jama'a suka karkata gare shi. Hankalin Ciyaman ya tashi ƙwarai. Tun da ya yi ritaya kujerar nan ce ta rage masa, in ta tafi wa zai ƙara saurarensa? Sai fa matarsa, ita kuwa ta daɗe da ƙwarewa wajen cewa "haka ne" tana wanke-wankenta.

A shagon aski dabara ta zo masa. A jikin kalandar bango akwai hoton wata magangarar ruwa da ke can cikin kurmi, ruwa fari fat yana zubowa daga kan dutse. Ya dube ta, ya dubi kansa a madubi, ya ga sun dace da juna.

"Babban jawabi babban fage yake so," ya gaya wa matarsa. "A can za a yi zaɓe. In na tsaya ruwan nan yana bayana, Mai Kemis da kansa zai jefa mini ƙuri'a."

"Haka ne," in ji ta.

Jama'a ba su yi musu ba. Da yawansu sun manta rabon da su ga ruwa yana zuba da kansa ba daga bokiti ba.

Ranar tafiya Ciyaman ya fito kamar mai shirin gano sabuwar duniya. Sabon takalmin hawan dutse mai ƙara, malafa, sanda mai ƙarfe a baki, da madubin hangen nesa a wuya wanda bai cire murfinsa ba. Motar haya ta sauke su inda hanya ta ƙare. Ya shige gaba, ya ɗaga sanda, ya ce, "Shugaba a gaba yake tafiya. Kowa ya taka inda na taka."

Sun taka, har zuwa tudu na farko. Daga nan takalmin ya fara cin dunduniyarsa, numfashi ya fara yi masa gardama. Tela maƙwabcinsa ya wuce shi. Mai Kemis ya wuce shi. Gwaggon hawa na uku, wadda kullum take kukan gwiwa, ta wuce shi da silifas tana yi masa sannu. Ya jingina da bishiya ya sanar da cewa shugaba na ƙwarai daga baya yake lura da jama'arsa. Jakarsa ya miƙa wa matarsa, wai don ta san nauyin shugabanci. A wata inuwa ya tsayar da kowa zai yi taƙaitaccen bayani kan tsarin rayuwar tururuwa, bai lura a kan layin cinnaku yake tsaye ba. Wannan ne bayaninsa na farko da ya taƙaita da gaske.

Tun daga nesa suka fara jin rugugin ruwan, sai ga shi. Ya fi na kalanda nesa ba kusa ba. Sanyi ya daki fuskoki, feshi ya tashi kamar hayaƙi. Mutane suka cire takalma suka tsoma ƙafa, aka fito da burodi da lemo.

Ciyaman bai zo shan iska ba. Ya rarrafa ya hau wani faffaɗan dutse daf da inda ruwan yake faɗowa, don nan hoto zai fi kyau. Ya yi wa matarsa alama ta ɗauka da waya. Ya gyara malafa, ya buɗe baki.

Bai taɓa samun masu sauraro irin na ranar ba. Ba mai duba agogo, ba mai tari, ba wadda ta tuna da tukunya. Ya ga Tela ya lumshe ido yana murmushi. Ya ga Gwaggo ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah. Ya ga fuskoki sharkaf, har ta Mai Kemis, ya ce a ransa hawaye ne, sai shi ma nasa suka zubo. Ya nuna sama, ya nuna ƙasa, ya bugi ƙirji. Shi kansa ba ya jin muryarsa sosai, amma ya san haka manyan masu jawabi suke ji in abin ya kai maƙura. Da ya rufe baki aka yi ta tafi.

A hanyar komawa, inda rugugin ya lafa, aka tsaya zaɓe. Mai Kemis ya miƙe.

"Na janye," ya ce. "Da sharaɗi. Duk jawabin Ciyaman daga yau, a kan dutsen can."

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, Gwaggo har biyu ta ɗaga. Ciyaman ya ce shi ba mai son girma ba ne, amma ba zai watsa wa jama'a ƙasa a ido ba.

Da suka iso gida ya zauna a falo, ya tsoma ƙafafunsa da suka yi bororo cikin roba, ya ce a kunna masa jawabin ya ji abin da ya narkar da zukata. Matarsa ta miƙo wayar. Ga shi nan a kan dutse, malafa ta jiƙe ta faɗo masa a kunne, bakinsa yana buɗewa yana rufewa kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Ba abin da ke fita sai rugugi. Ya ƙara muryar wayar. Rugugin ya ƙaru.

"Wayar nan ta lalace," ya ce.

"Lafiyarta lau, Baban yara. Mu ma abin da muka ji ke nan."

"To hawayen fa?"

"Feshi ne."

Ya ajiye wayar a gefe. Can ya ce da ƙaramar murya, "Amma ai sun zaɓe ni."

"Da zuciya ɗaya kuwa," in ji ta. "Ni kaina tun da muka yi aure ban taɓa jin daɗin maganarka kamar yau ba."

Ciyaman ya gyara zama, ya ɗaga yatsa, ya ja dogon numfashi zai yi mata bayanin inda ta kuskure. Ta ɗauki wayar, ta sake kunna jawabin tun daga farko, ta ƙure muryar wayar.