Wakilin Cikin Alhaji Jumare

Duk faɗin Makarfi, daga kasuwar rake har ka kama hanyar Gazara, babu wanda Allah ya yi wa kwarjini irin Alhaji Jumare, shugaban dillalan rake. Girmansa ya kai inda ba a ganinsa a ko'ina. In suna ake, ya aika wakili. In ta'aziyya ce, ya aika wakili. Shi ya sa 'yan kasuwa ke kiransa Alhaji Na-Aika, amma sai motarsa ta sha kwana.

Wakilin nan shi ne Gambo, wani siririn dattijo da ya yi shekara da shekaru yana sa tsohuwar babbar rigar Alhaji yana amsa gaisuwa da sunansa. Har gyaran muryar ya iya.

Ban da harkar rake, Alhaji masanin lafiya ne, ko da yake bai taɓa wahalar da kansa da karatunta ba. Aljihunsa na dama goro, na hagu kafso ja-da-yalo, maganin kashe ƙwayoyin cuta. In ya ci ya ƙoshi, ya afa biyu don wanke ciki. In tafiya ta kama, ya afa ɗaya saboda ruwan hanya. Baƙo ma, in mai daraja ne, yakan samu.

"Ni ba na jiran cuta ta iso gida," yakan ce. "Tun a hanya nake tare ta."

Sai ga ciki ya ƙi sanin girma. Zafi ya kama shi a ƙahon zuci kamar an zuba garwashi. Ya bar yaji, ya bar tsire, ya koma koko. Riguna suka fara yi masa yawa, ga walimar sake zaɓensa shugaban dillalai na tafe, har an ɗaure raguna. Ranar da ya yi amai da alamar jini, matarsa Hajiya Raudatu ta daina lallashi, ta sa aka kai shi wani asibiti a Zariya. Ya je da kansa, kuma ya tabbatar kowa ya san irin alfarmar da ya yi wa asibitin.

Likita ta ce wata ƙwayar cuta ce ke cin bangon cikinsa har ta yi gyambo, kuma afa kafso barkatai yakan sa ta saba da magani har ta daina jinsa. Ta ce ya ajiye kafso na wata guda, sannan ya dawo a zura masa siririyar roba ta baki a ɗebo ƙwayar, a raine ta a ɗakin gwaji, a gwada mata magunguna don a ga wanda zai kashe ta. In aka yi wasa, gyambon zai iya huda cikin.

Alhaji ya saurara da kyau. Tambaya ɗaya ya yi: da hula ake yi, ko sai an cire? Aka ce sai an cire, ya kwanta ta gefe, ya buɗe baki.

A mota ya yi jawabi. "Hajiya, ni da nake yanke farashin rake daga nan har Kudan, ni zan kwanta wa yaran da ba su kai 'ya'yana ba, baki a hangame? Ai ragowar kwanona Gambo yake ci. Duk abin da ke cikina yana cikinsa."

Hajiya ta ɗauka zancen mota ne. Ranar gwaji Alhaji ya fita tare da Gambo, ya sauka a rumfar wani abokinsa ya yini yana ba da shawarwari. Gambo ya wuce da riga da katin asibiti. Aka kira sunan Alhaji, ya amsa kamar kullum, ya haɗiyi robar cikin ladabi. Dama shi ma ya daɗe da zafin ciki, sai dai bai taɓa ganin ya kai matsayin yin ƙorafi ba.

Sakamako ya fito. Akwai ƙwayar, amma mai biyayya ce, magungunan farko da aka gwada suka gama da ita. Ba abin mamaki ba ne, Gambo bai taɓa zama baƙo mai daraja ba.

Da Alhaji ya buɗe ledar magani ya ga har da ja-da-yalonsa a ciki, ransa ya ɓaci ƙwarai. "Abin da nake ci kamar gyaɗa za a rubuto mini daga Zariya? Gambo, ɗauki ka shanye. Ka wakilce ni."

Gambo ya sha, safe da yamma, bai tsallake ko sau ɗaya ba, don shi ba ya barin taro sai an tashi. Kafin walima har kumatu ya yi.

Ranar walima an kafa rumfuna, ƙamshin balangu ya cika unguwa. Alhaji yana ɗaki a dunƙule, ya riƙe ciki. Hajiya, wadda sai a safiyar nan ta ji gaskiya, tana ta waya a kawo mota a tafi Zariya. Hular Alhaji ta faɗi ƙasa, ba wanda ya kula ya ɗauka.

A waje Gambo yana kan babbar kujera, da cinyar rago a gabansa da yaji tuli. Sanƙira ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, a gode wa Allah. An yi gwaji, magani ya karɓa, Alhaji Jumare ya warke sarai."

Jama'a suka dubi kumatun Gambo, suka ce lallai kuwa, Alhaji ya murmure.