Kwafi Ɗari Biyar na Farfesa

Duk ginin babu mai ilimin Farfesa, kuma shi da kansa ya sha tabbatar da hakan. Farar rigarsa ta aiki ba ta san tabo ba, don ba ta taɓa kusantar teburin gwaji ba. A bayan idonsa ma'aikata na kiransa Sarkin Ninki.

Aikin ɗakin gwajinsa shi ne a ɗauki guntun ƙwayar gado, a liƙa shi a wani ɗan zobe da ake kira filasmid, a cusa wa bakteriya ta yi ta kwafarsa. Wani zoben kwafi biyar yake yi a kowace bakteriya, wani ɗari biyar. Farfesa ko gaisawa ba ya yi da na biyar.

Da aka kawo sabon guntu, tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin, wadda kowa ke kira Yaya Babba, ta rusuna ta ce wannan guba ne ga bakteriya, in ya yi mata yawa mutuwa za ta yi, gara a sa shi a zobe mai kwafi kaɗan.

"Baiwar Allah," ya ce yana gyara tabarau, "ban yi shekara talatin ina karatu don in ƙare a kwafi biyar ba. Bakteriyar da ke ƙarƙashina dole ta san da wa take aiki."

Aka sa guntun a zobe mai kwafi ɗari biyar. Wata uku farantin da ake shuka bakteriyar a kai na fitowa fes, ko ɗigo bai tsiro ba. Ya zargi wutar lantarki, ya zargi mai shara, ya rubuta wa masu sayar da farantin wasiƙa shafi huɗu. Ga kwamitin da zai sabunta masa shugabanci na tafe, har Farfesa ya fara ramewa a wuya.

Ana saura kwana uku, sai faranti ɗaya ya cika maƙil. Ya hana a bincika, wai shakka aikin ƙananan ma'aikata ne. Yaya Babba dai ta bincika abinta.

Ranar da kwamitin ya zo, ya ɗaga farantin sama ya yi jawabin minti arba'in, ya gode wa kansa sau biyu. Shugabar kwamiti ta juya ta tambayi Yaya Babba me ke cikin zoben. Yaya Babba ta so ta kauce, aka matsa mata. Ta bayyana cewa bakteriyar da ta rayu ta yanke guntun Farfesa ta yar, zoben kawai take ta ninkawa.

"Ba komai a ciki, ranki ya daɗe," ta ce a hankali. "Amma fa akwai shi da yawa."