Ranar da Tawul Ya Zaga Tsibiri

Wani ne, mutumin wani ƙauye kusa da Bremen a ƙasar Jamus, shekara tara yana zuwa hutu tsibirin Mayorka na ƙasar Sifaniya da matarsa Edeltraud. Otal ɗaya, ɗaki ɗaya, mako ɗaya. A shekara taran nan bai taɓa tsoma ƙafa a teku ba. Ya dai san akwai teku, don yana hango shi ta taga in jirgi zai sauka.

Abin da ke kawo shi gado ne. Cikin gadajen roba sittin da ke bakin tafkin wanka akwai guda a gindin dabino. Da safe rana ce ke dukansa, inuwa ba ta isowa sai la'asar. Saboda haka gari na wayewa zai sauko ya shimfiɗa tawul a kai don ya kama wuri, ya koma ɗaki. Tawul ya sha ranar, shi ya zo ya sha inuwar. Akwai wani Baturen Ingila, Mista Hebden, da ya shekara huɗu yana neman gadon nan, kullum sai ya tarar tawul ya riga shi.

A shekara ta goma Edeltraud ta gaji. Ta sayo tikiti biyu na yawon yini guda, a ga kogo, a ci abinci a ƙauyen masunta, a yi wanka a teku. Ta gaya masa in bai raka ta ba, daga bana ta daina tafiya hutu da shi. Ya san ta. Ba ta faɗin magana sau biyu.

Ranar tafiya ya riga kowa isa gaban otal. Bas na tsaye, direba na shan kofi. Ya shiga ya shimfiɗa tawul a kujerar gaba, gefen taga. Ya sauko yana jin daɗi, sai ya tuna gado. Otal ɗin tawul ɗaya suke ba kowane baƙo. Ya roƙi Edeltraud nata, ta ce da shi za ta yi wanka, kuma ko ba za ta yi ba, ba za ta bayar ba.

Ya tsaya ya yi nazari, ya ga abin ba wuya. Tawul na riƙe da kujera, shi zai je ya riƙe gado har ya sami wanda zai bar wa amana. Mota kuwa ba ta isa ta tashi ba, tunda wurinsa a kame yake.

Ƙarfe tara mai rakiyar baƙi, wata 'yar tsibirin mai suna Margalida, ta ƙirga kawuna ta sami arba'in da bakwai. Ta ce saura mutum ɗaya. Wani tsoho ɗan birnin Hanoba na Jamus ya ɗaga hannu ya nuna mata kujerar gaba.

"Yarinya, sake ƙirgawa. Ga shi nan."

Margalida ta dubi tawul, ta dubi fasinjoji. Jamusawa arba'in da shida suka gyaɗa kai. Ta dubi Edeltraud, ita kuwa tana goge tabarau. Margalida ta rubuta arba'in da takwas, ta ce wa direba su tafi.

Mutuminku yana kwance ya ga bas ta sha kwana. Ya yunƙura zai tashi, sai ga Mista Hebden tsaye taku uku daga gadon, da jarida a hammata, yana duban sama kamar mai lissafin gajimare. Ya koma ya kwanta.

Ya buga wa matarsa waya ya ce a juyo da mota, an bar shi. Ta ce ba a bar kowa ba, an ƙirga, an cika.

Rana ta ɗaga. Ba tawul, hula da man shafawa kuwa duk suna jakar Edeltraud. Ƙarfe sha ɗaya ya yi ja. Sha biyu ya fara sheƙi. Mista Hebden ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, ya sa aka kawo masa lemo a babban kofi, yana zuƙa a hankali. Can ya ce cikin ladabi, in maƙwabci yana son zagawa bayi, ya je abinsa, shi zai kula masa da wurin.

"Na gode. Mu a gidanmu ba ma zagawa ranar Laraba."

Ƙarfe biyu ya sake kiran waya. Edeltraud ta ce suna cin abinci, ta ɗora tawul a kujerar kusa da ita, mai hidima ya ajiye wa tawul ɗin farantin shinkafa da jatanlande ba tare da ya tambaya ba. Ya ce to wa ya ci? Ta ce ta taimaka masa.

La'asar ta yi, inuwa ta iso. Sai dai lokacin bayansa ya manne da roba, ko juyi ba ya iya yi.

Da yamma bas ta dawo. Edeltraud ta iso bakin tafki da tawul a kafaɗa, yana ƙanshin teku, da yashi a gefensa. Ta nuna masa hoton da aka ɗauki ayarin a bakin kogo. Tana tsakiya, tsohon Hanoba ya riƙe wa tawul gefe ɗaya don ya fito sosai. Ta ce tun da aka yi aurensu ba ta taɓa fita da abokin tafiya irin wannan ba. Bai yi ƙorafin zafi ba, bai ce abinci ya yi tsada ba, bai gyara wa direba hanya ba, a cikin kogo ma da ta ji sanyi shi ya rufe ta.

Mutumin ya ɗago kai da ƙyar.

"Edeltraud, ai dai an ƙirga ni. Kin ga na raka ki ke nan. Baɗi muna zuwa, ko?"

"Muna zuwa, maigida. Ni da shi. Kai sai ka tsaya a gida ka riƙe masa ƙusarsa a banɗaki, kada wani ya rataya nasa."