Rasuwar Haƙoran Robar Malam Abdussamadu Tafinta

Da baƙin ciki cike da zuciya, da kuma tambayoyin da har yanzu ba a amsa masa ba, Malam Abdussamadu, tafintan ofishin Di'o na Birnin Kebbi, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar haƙoransa na roba, jerin sama. Sun rasu ranar Laraba bayan azahar a Argungu, saura kwana uku ƙasa ta karɓi mulkin kai.

Marigayan sun zo duniya a Kaduna shekara huɗu da suka wuce, bayan da motar itace ta kife da Malam a hanyar Gulma, ya tashi da haƙora uku kacal a sama. A lokacin Alhaji Labbo, mai sa wa mutane haƙorin Makka, ya so ya ɗaura masa na zinari waɗanda ba a cirewa. Malam ya ƙi. Ya ce abin da ba zai iya fitarwa ya duba da idonsa ba, bai yarda ya zauna masa a baki ba. Tun ranar Labbo yake gaishe shi a tsaitsaye.

Marigayan masu haƙuri ne. Ba su taɓa ciwo ba, ba su taɓa kai shi gun wanzami ba. Turanci ya bi ta kansu ya fito Hausa, Hausa ta bi ta kansu ta koma Turanci, ba su taɓa fitar da sirrin ofis ba. Duk wanda ya ci tuwo da Malam zai tuna muryarsu: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Gaskiya ne bara sun yi ɗan tsagu a kan daushen goro, wanda likita ya hana, amma Malam yana roƙon kada a kawo wannan zance, don sun warke sarai.

Ga yadda ajali ya zo. An zaɓi Malam ya fassara jawabin Di'o a gaban jama'a ranar Asabar. Kwatsam sai abokinsa Maigandi, dillalin kifi a Argungu, wanda ya shekara bai neme shi ba, ya aiko a kira shi cin abinci. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Maigandi da hannunsa ya juyo masa akushi, yana cewa, "Ci ta nan, abokina, wanga gehe ya hi laushi."

A loma ta biyu marigayan suka yi maganarsu ta ƙarshe: ƙaras! Suka rabe biyu a kan wata tsakuwa mai girman gujiya.

Malam ba ya zargin kowa, Allah ne mai rayawa, shi ne mai kashewa. Yana dai so a lura cewa mutum biyar suka ci tuwon nan, tsakuwa ɗaya ce, kuma ta san inda ta nufa. A lura cewa Atiku, ƙaramin tafinta, wanda yanzu aka miƙa wa jawabin, surukin Maigandi ne. A kuma lura cewa da Malam ya sauka daga mota a Birnin Kebbi, bakinsa rufe da rawani, sai ya tarar da Alhaji Labbo zaune a zaurensa da akwatin aiki.

"Na ji abin da ya hwaru, Malam," in ji Labbo. "Da nawa ne, da dutsen ne za ya hwashe."

Wa ya gaya masa? Motar da ta kawo Malam ita ce ta farko da ta baro Argungu.

Da yamma Malam ya gwada karanta jawabin a gaban matarsa Baiwa, ko za a iya ceto lamarin. Da ya zo kan "mulkin kai" iska ta kwashe rabin kalmar. Baiwa ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Ta ce kuka take yi. An rubuta hakan yadda ta faɗa.

Marigayan sun bar turame biyu, da fiƙa ɗaya mai girgiɗi, da dasashi maraya, da kofin tangaran da suke hutawa a ciki. Batun magaji bai taso ba tukuna. Labbo ya ce zinari, wani malamin asibiti ya ce ya ji wai a Turai ana gwada dasa ƙarfe cikin ƙashin muƙamuƙi. Malam ya saurari kowa, ya kuma lura da yadda kowa ke sauri.

Za a wanke marigayan da ruwan ɗumi da gishiri, a naɗe su a farin hankici, a binne su bayan rumbu ranar Asabar da hantsi, daidai lokacin da Atiku zai hau dandamali. Za a raba kunu da fura, kada kowa ya kawo ƙilishi ko goro. Mai makoki zai amsa gaisuwa da ɗaga hannu. Maigandi yana iya zuwa, amma ya tsaya daga gabas, inda Malam zai riƙa ganin fuskarsa sa'ad da ake zuba ƙasa.