Hancin Malam Kalilu da Rigar Mayaƙi

Allah ya yi wa Daura baiwa iri-iri, amma babu kamar hancin Malam Kalilu. Sauran jama'a numfashi suke yi da nasu, shi kuwa tarihi yake karantawa da nasa. Miƙa masa tsohuwar riga ka sha kallo. Zai shinshina wuya, ya shinshina hammata, ya lumshe ido, sannan ya faɗi shekarar da aka saƙa ta, da garin, har da abin da masaƙin ya karya kumallo da shi. Bai taɓa kuskure ba, don duk masu iya ƙaryata shi sun daɗe a kushewa. Farfesan Tufafi yake kiran kansa. 'Yan kasuwa kuma, saboda tsabar girmamawa, Shinshinau suke ce masa idan ya ba da baya.

Ya taɓa ba wani wando shekara ɗari biyu. Da aka nuna masa zik a gaban wandon, ko gezau bai yi ba. Ya ce wannan ita ce hujjar cewa kakanninmu sun riga Turawa wayewa.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, wata ƙungiyar unguwa ta shirya baje kolin tufafin kaka da kakanni, don a tuna wa mutane suturar mutunci. Suna neman shugaba mai kujera da hatimi. Malam Kalilu ya ƙwallafa rai a kan kujerar nan, har ya sa an sassaƙa masa hatimin tun ba a zaɓe shi ba. Abu ɗaya ya rage: ya gwada iliminsa a gaban jama'a.

Ranar taro aka kafa tabarmi a tsaye a tsakiyar fili don su zama shamaki, maza a nan, mata a can. Hussaini dillali ya fito da wata riga da ya samo a kasuwar Kongolam, ta sha shuni, ta sha bugu, sai ƙyalli take, ga huji a kafaɗa. Farfesa ya karɓe ta da hannu biyu. Ya tusa hanci a hammatarta, ya daɗe bai ɗago ba, har wasu suka fara tunanin ko suma ya yi.

"Jama'a, ku yi salati!" in ji shi. "Rigar nan ta girmi zuwan Nasara da shekara arba'in da wata uku. Wannan hujin, mashi ne. Warin nan kuma da nake ji, zufar jarumi ce, irin mazan da aka daina haifa. Mu na yanzu ko shekara muka yi ba wanka ba za mu kamo ƙafarsa ba!"

Aka yi kabbara. Don kada a bar mata a baya, aka miƙa rigar ta saman tabarma su ma su taɓa tarihi. Can sai aka ji muryar Laraba, matar Farfesa, kuma Laraba ba ta san magana a hankali ba.

"Lah! Malam, ai rigarka ce! Wadda na ba masu canjin tsumma da roba bara, suka ba ni bokiti. Rina ta kawai aka yi."

"Laraba, ki yi shiru, ana maganar ilimi!"

"To ga hujin da garwashin dutsen guga ya yi mata ranar sunan Haulatu. Ga ma facin da na sa daga ciki, da ƙyallen ankon bikin Kubura."

Aka juya rigar. Ga atamfa nan shar, da zanen fanka a jiki.

Farfesa ya gyara hula, ya yi gyaran murya. "To, ai ban yi ƙarya ba. Ni ma jinin mayaƙa ne."

"Wane yaƙi, Malam? Kai da ƙadangare ya sa ka hau turmi?"

Dariya ta kayar da tabarmin, maza da mata suka ga juna, aka tashi taron babu shiri. Kujera ta tafi ga wani tela da ya ce shi awo kawai ya iya. Hatimin yana nan, Laraba na danne murfin tukunya da shi.

Ni dai har yau tausayin hancin nan nake ji. Shekara ashirin yana bin hammatar mutanen da, ranar da aka kawo masa tasa bai gane ta ba.